Yadda Na Rasa Gira Na Samu Randa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya yi wa ɗan Adam gira, ya kuma nuna mini cewa ana iya rayuwa ba ita. 'Ya'yana, na san labarin da kuka tashi kuna ji a bakin mutanen garinmu: wai ubanku ya taɓa tsayawa ƙiƙam a gaban surukarsa yana koya mata sana'arta, wai alhakinta ne ya sa fuskarsa take sumul kamar bayan ƙwarya. Rabin maganar ƙarya ce, ɗaya rabin kuma an juya ta kai a ƙasa. Tunda har yanzu ina da haƙoran cin tsire da hannun riƙe biro, bari in ajiye muku yadda aka yi.

Kafin a haifi babban yayanku, wanda har gobe bakina ba ya kama sunansa, ina aiki a wani kamfanin narka ƙarfe a Kudu. Tukunyar da muke narka ƙarfen a cikinta, da za a zuba mutanen ƙauyenmu kaf, da jakunansu, da liman da na'ibinsa, sai an aika Tofa an aro mutane kafin a rufe gindinta. Ba itace ake hura mata ba, ba gawayi ba, wutar lantarki ce. Akwai wasu baƙaƙen sanduna guda uku, kowace kaurinta ya kai turmi, an yi su da irin baƙin abin nan na cikin fensir. Suna da wani dogon suna na Turanci, mu dai taɓare muke ce musu. Sai a sauke su ta ramukan murfi har su kusa taɓa tarin tsofaffin ƙarafa, wuta ta yi tsalle daga bakin taɓarya ta faɗa kan ƙarfe, da wata irin ƙara wadda in ka ji ta sau ɗaya, tsawar tsakiyar damina sai ta zame maka atishawar kyanwa. Kana tsaye kana kallo, motar da wani Alhaji ya gama yayinsa a cikinta za ta koma kunu.

Ni aikina shi ne in hana wutar yin lalaci. Ita wutar lantarki ta fi ni son hanya mai sauƙi. In ta ga wata gajeriyar hanya ta jikin murfi ko ta ƙarfen da ke riƙe da taɓarya, ba za ta wahalar da kanta ta gangara cikin tukunya ba, nan take za ta yanke ta can, ta haɗe, ta ƙone duk abin da ta tarar. Don haka duk inda taɓarya ta kusanci ƙarfe, akwai wani shamaki da ake sakawa wanda wuta ba ta bin jikinsa. Ni ke duba shamakan nan, ko sun tsage, ko sun ji danshi, in kuma goge baƙar ƙurar da ke sauka a kansu. Abin da aka fara koya mini ke nan: ƙurar taɓarya ma taɓarya ce. In ta kwanta a kan shamaki, ka shimfiɗa wa wuta kwalta.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Waɗanda ba su gani ba sai su ce ina ƙari, amma a lokacin mutum zai ga layi ya shiga tukuna, sai ya kai tsakiya ya tambayi na gabansa ko na sabulu ne ko na madara. Aka kashe tukunya, aka sallame mu. Na dawo gida da keke, da 'yar rediyo, da buhu guda na karyayyun guntayen taɓare da aka zubar a bola, waɗanda mai gadi ya ce in kwashe in rage masa shara. Na tarar damina ta yi gardama, rumbun babana ana jin amsa-kuwwa a cikinsa, ɓeran da ke ciki ma ya yi ƙaura ya bar sallahu.

Ummanku kuwa tana gidansu, can ƙauyen da ke bayan gonakin arewa, ta je goyon ciki ta haihu. Kakanku na wajen uwa ya riga ya rasu, gidan yana hannun kakarku, wadda kuke ce wa Iya, mai ginin tukwanen da ba a taɓa jin tukunyarta ta fashe a kan murhu ba. Aka yi arba'in, na share ɗaki, na yayyafa ruwa. Shiru. Saƙo ya zo wai yarinya ba ta gama warwarewa ba. Yaro ya fara zama, ba ta warware ba. Yaro ya fara rarrafe, har ya fara cin ƙasa, ba ta warware ba. Babana ya sa babbar riga ya je, ya dawo da goro da kalmar a ƙara haƙuri. Kowa ya gane karatun: Iya ba za ta mayar da 'yarta da jikanta gidan da ba hatsi, wurin mijin da ba sana'a ba. Ni kuma ba ni da bakin magana. In na je gaisuwa, a zaure nake durƙusawa, idona a kan yatsun ƙafata, ta amsa daga cikin gida. Da na hango ta a hanya sai in faɗa gonar mutane kamar na ga damisa. Haka muka tashi muka ga ana yi.

Na shiga dako a kasuwar Dawanau don kada hannu ya manta hanyar baki. A can na ga injinan niƙa a zaune jingim, ba don injin ya mutu ba, sai don wani ɗan ƙarfe mai haƙora da bai fi waina girma ba. Daga waje ake kawo shi, kuma an daina kawowa. Masu zubin tukwanen alminiyom sun iya yin siffarsa a cikin yashi, amma wutarsu ba ta narka baƙin ƙarfe. Ranar nan na taka keke har Rijiyar Zaki, wurin abokina Idi mai walda, wanda kuke ce wa Baba Idi, na ce masa zan gina jikanyar waccan tukunyar. Bokitin ƙarfe mai kauri, a shafe cikinsa da yumɓu, a yi masa murfin ƙarfe mai rami biyu, a yanko sanduna biyu daga guntayen buhuna, a jona su da injinsa na walda.

Idi ya dube ni ya ce, “Sale, injin nan shi ne gonata, shi ne rumbuna. In ka kashe shi, kai zan riƙa jonawa a wuta ina walda da kai.”

Na ce, “Ba abin da zai same shi. Wuya biyu kawai nake buƙata na gasasshen yumɓu, kamar wuyan tulu, a zura a ramukan murfi, sanda ta bi ta ciki ba ta taɓa ƙarfe ba.”

“To wa zai gina maka wuyan da zai jure wannan zafin?”

Sai ya fashe da dariya har ya faɗo daga kan benci, don shi ma ya san amsar.

Da la'asar na je zauren su Ummanku, aka kira mini ita, ta fito da goyo. Na ba ta guntun sanda don awo, na yi mata bayani dalla-dalla.

Na ce, “Ki gaya wa Iya, ja zalla nake so. Kada ta shafa komai, kada ta turara, kada ta yi masa ado ko na ƙwayar gero. Yadda ya fito daga wuta, haka.”

Ta zaro ido. “Ni zan buɗe baki in ce wa Iya kada ta yi kaza a aikinta? Kuma in ce kai ka ce?”

“To ki tausasa maganar.”

Ta kuwa tausasa. Ta tausasa ta har ta zama man shanu. Daga baya na ji abin da ta faɗa: wai yana gaisuwa, yana roƙon alfarma, ya ce don Allah kada ki wahalar da kanki wajen ado. Iya ta ji wannan ta ce a ranta, ashe yaron yana da ladabi. Kuma a wurinta duk wanda ya ce kada ka wahalar da kanka, nufinsa ka nuna masa iyakar gwanintarka. Ta gina wuya huɗu maimakon biyu, don kada a ce ta yi rowa. Ta gasa su, ta yayyafa musu ruwan makuba na ɓawon ɗorawa suna da zafi, ta turara su a ƙaiƙayi. Sannan ta ɗauki guntun sandar da na aika don awo, ta gwada goga shi a jiki, ta ga wani ƙyalli da ba ta taɓa gani ba tun da ta fara taɓa yumɓu. Ta zauna ta goge su ciki da waje har sandar ta ƙare.

Ranar gwaji da hantsi, an cika maƙil a bakin shagon Idi. Masu injin niƙa sun zo, masu faci sun bar faci, mai shayi ya ɗauko tebur ya matso. Sai ga Iya da kanta, ita da wasu mata biyu, sun biyo ta nan a hanyarsu ta kai tukwane birni. Ta aiko mini ƙwarya rufe da sabon faifai, ta koma gindin darbejiya a tsallaken hanya ta tsaya. Na buɗe faifai. Wallahi na ga fuskata a jikin wuyan nan, har na ga girata, ashe ban kwana muke yi.

Idi ya raɗa mini, “Ba kai ka ce baƙi shi ne haɗari ba?”

Na ce, “Ga ta can tana kallo. So kake in ɗauki wuƙa in kankare aikin surukata a gabanta, a gaban mai shayi?”

“To ka ce mata a ɗaga sai gobe.”

“In ce mata? Da wane bakin?”

Na juya baya na ɗan goga wuyan da hannun riga, ƙyallin ya ƙaru. Na yi wa kaina huɗuba cewa wataƙila makuba ce kawai, wataƙila wutar Idi ƙarama ce ba za ta lura ba. Na zura su, na sa sanduna, na ɗaura baƙin gilashi a ido, na yi bisimilla, na ce Idi ya kunna.

Wutar ta lura. Ba ta ko leƙa cikin bokitin ba. Ta bi kwaltar da Iya ta shimfiɗa mata, ta haye murfi, ta haɗe. Abin da na sani shi ne wani haske ya tashi wanda aka ce makafin Dawanau sun yi ta tambaya wa ya kunna fitila. Mai shayi ya tsallake teburinsa ba tare da ya zubar da ko kofi ɗaya ba, abin da har yau ya kasa maimaitawa. Injin Idi ya yi wani gurnani, ya saki hayaƙi, ya yi shiru. Da na cire gilashi, idanuna lafiya lau, alhamdu lillahi, amma gira da gashin baki sun riga ni barin wurin. Na waiwaya gindin darbejiya, ba kowa.

Kekena ya tafi wajen naɗa wa injin Idi sabuwar waya. Wannan bai dame ni ba kamar saƙon da ya biyo baya, kuma wannan karon ba wanda ya tausasa shi. Iya ta ce da yunwa take gudar wa 'yarta, yanzu kuma ta ga har da gobara. Ta ce kuma an ɗauki aikin da ta ɓata kwanaki a kansa an ƙone shi a bainar jama'a.

Na yi kwanaki ina juya abin. In na sake aika Ummanku, man shanu za ta sake kaiwa. In na aika babana, zai dawo da goro. In na yi shiru, yayanku zai yi gemu a gidan kakarsa. Babana ya ce kul na kuskura na je na yi jayayya da suruka, ba a taɓa yi a gidanmu ba. Na ce to. Da gari ya waye na rataya rediyo, na zuba ragowar wuya biyu a aljihu, na bi ta cikin gonaki a ƙasa.

Na same ta a bayan gida wurin da take gashi, tana jera tukwanen da suka huce. Ba zaure, ba katanga, ba gonar da zan faɗa. Na durƙusa. Sai idona ya faɗa kan wata ƙatuwar randa a tsakaninmu. Na juya na fuskance ta sosai.

Na ce, “Salamu alaikum, randa. Ina kwana? Don Allah in kin ga mai gininki, ki gaishe ta, ki ce wani bawan Allah marar gira ya zo neman afuwa.”

Sai na ji Iya ta yi gyaran murya.

“Randa, ki ce masa an amsa. Ki tambaye shi, a garinsu haka ake yi wa kyauta?”

“Randa, ki ce mata duniya ba a taɓa gina wuya mai kyau irin wannan ba. Kyan ne ma ya jawo. Wutar ta gan shi ta kasa wucewa.”

“Randa, ki ce masa ni ba yarinya ba ce, ya bar zuba mini zuma a kunne.”

Na ce randa ta roƙar mini izini in nuna wani abu. Na buɗe bayan rediyo, na raba waya da batir, rediyo ta yi gum. Na ɗauko wani jan katanga, guntun fasasshiyar tukunya, daga ƙasa, na sa shi a tsakani, waya ta nan, waya ta can. Shiru. Na cire shi na sa baƙin wuyan Iya. Sai ga murya can ƙasa-ƙasa, wani babban mutum yana jawabi, yana cewa jama'a su ƙara haƙuri. Na mayar da jan katanga, ya yi shiru. Na mayar da baƙi, ya ci gaba da ba mu haƙuri.

Iya ta matso, ta tsuguna a ɗaya gefen randar. Ta miƙo hannu ba ta dube ni ba, na ajiye mata wayoyin a ƙasa. Ta gwada da kanta, ja, baƙi, ja, baƙi, tana kunna babban mutum tana kashe shi yadda ta ga dama. Na ga kafaɗunta suna rawa.

Ta ce, “Randa, ashe nasa aikin a juye yake. Mu tukunyar da ba a gyara jikinta ba ita ke yoyon ruwa. Shi kuma wadda aka gyara ita ke yoyon wuta.”

“Randa, ki ce mata ko injiniyan kamfaninmu iyakar abin da zai faɗa ke nan.”

“To me ya hana shi faɗa tun farko?”

“Randa, ki ce mata an faɗa, a hanya maganar ta narke.”

Daga bayan danga na ji wata ta shaƙe dariya, goyonta yana taya ta. Iya ta ce randa ta gaya wa mai laɓe cewa za su haɗu. Abin da na roƙa ba ƙarami ba ne a wurinta. Tun tana budurwa ba ta taɓa barin wani abu ya fita daga hannunta tsirara ba, ko kaskon turare ne.

Ta ce, “Randa, ki ce masa zan gina. Ja, gaje-gaje, mummuna kamar fuskarsa ta yanzu. Amma sharaɗi biyu. Kada ya gaya wa kowa ni na yi. Kuma baƙin abin nan da ya aiko, in akwai saura, ina so.”

Wata mai tallan fura ce ta hango mu a tsugune, randa a tsakani, ina ɗaga hannu ina bayani. Kafin in iso gida labari ya riga ni, ya yi 'ya'ya a hanya. Babana ya daina amsa gaisuwata har aka yi girbi, kuma sunan marar kunya ya bi ni shekaru. Wannan shi ne kuɗin da na biya, ban kuma ce a ba ni canji ba.

Gwaji na biyu ba taro, daga ni sai Idi, shi ma yana tsaye a bakin ƙofa ƙafa ɗaya a waje. Jajayen wuyan nan suka zauna daram. Na hure su, na goge su da farin tsumma, na tabbatar ba danshi. Idi ya kunna ya ruga. Sai na ji ta, ƙarar nan da na yi kewa, ƙarama, kamar jikanyar tsawa tana koyon magana. Wuta ta nemi gajeriyar hanya ta rasa, dole ta gangara ta yi aikinta. Da muka zuba narkakken ƙarfe a cikin yashi, ya huce, muka fasa, sai ga 'yar waina mai haƙora. Idi ya rungume ni, muka yi ta tsalle kamar an ce mana an soke layin sabulu. Na goge ta da magagari, aka ɗaura wa injin wani Bakano a Dawanau, ta niƙa dawa har magariba ba ta yi tari ba. Kafin wata ya ƙare masu inji suna layi a shagon Idi, wasu da hatsi suke biya, ɓeran rumbun babana ya ji labari ya dawo da iyalinsa.

Ita kuwa Iya, tulunanta masu baƙin ƙyalli suka zama abin yayi, amarya ba ta tarewa sai da su. Rabin buhuna a wurinta ya ƙare. Har yau in aka ce ita ke gina mini jajayen wuyan nan, sai ta ce sharri ne, ba ta san zancen ba. Da na nemi izinin rubuta wannan, ta ce in rubuta, ai kowa ya san ni da ƙari, ba wanda zai yarda.

Wata Juma'a da hantsi ina gyara danga, na ji guɗa daga hanyar gonakin arewa. Ga mata a jere da ƙwarya a ka, ga Ummanku a tsakiya ta warware sarai, ga yayanku yana tafiya da ƙafarsa. A bayansu kuma ga jaki, an ɗaure masa wani abu ƙato a cikin ciyawa. Tsohuwar da ta jagoranci rakiya ta tsaya a ƙofar gida ta isar da saƙo da ƙarfi, yadda har babana zai ji daga ɗaki.

“Iya ta ce ga 'yarta, ga jikanta. Ga kuma abokiyar hirarsa, ta ce a ajiye masa ita kusa, ko wata magana za ta taso.”

Babana ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa, a ranar ya amsa gaisuwata.

Gashin baki ya dawo da kansa. Gira ce ta yi fushi, har yau ba ta aiko ba. Randar kuwa ita ce wannan da ke gindin bishiyar tsakar gida, wadda kuke jefa wa moɗa kuna tafiya ba ko waiwaye. Daga yau in za ku sha ruwa, ku yi mata sallama. Ita ta dawo muku da uwarku.